Kotu ta sauke maka bashi a Amurka, to sai me? Maganar katin bashi da dawo da maki

Abun da ke fara ba mutane mamaki bayan kotu ta sauke masu bashi a Amurka shi ne yawan wasiƙu. Mutum yana zaton shikenan babu bankin da zai ƙara kallon inda yake sai bayan shekara 10, kawai sai ya ga akwatin wasiƙunsa ya cika da tayin kati da tayin bashin mota, kowa na cewa an riga an amince da kai, sa hannu kawai ya rage. Wasu har murna suke, wai ashe abun bai kai yadda ake zuzuta shi ba. To ba don Allah suke nemanka ba. Shari'ar karayar arziki a Amurka a kotun tarayya ake yin ta, kuma takardunta a buɗe suke ga kowa, masu bada bashi suna bibiyar sunayen waɗanda aka sallama, kuma sun san abu biyu game da kai. Tsofaffin basussukan da ke cinye albashinka sun tafi, sannan in Babi na 7 na dokar karayar arziki ka bi, doka ba za ta bari a sake sauke maka wani bashi ta wannan hanyar ba sai bayan shekara 8 daga ranar da ka shigar da ta farko. Wato a wajensu kai ne kwastoman da ba shi da ƙofar gudu. Duk abun da zan faɗa a ƙasa ka riƙe wannan a ranka.

Kafin a kai ga kati sai an gane wace irin karaya mutum ya yi, don hanyoyin ba ɗaya ba ne. Babi na 7 shi ne wanda kotu ke naɗa amintaccenta ya duba dukiyarka, abun da doka ta kare ya bar maka, in akwai rara ya sayar ya raba wa masu binka, sauran bashin a soke. Yawanci wata 4 zuwa 6 an gama, kuma mafi yawan masu bin wannan hanyar ba su da ma abun da za a sayar. Babi na 13 kuwa na mai albashi ne ko wata hanyar samu tsayayya, a tsara maka biya na shekara 3 zuwa 5, kana turawa amintaccen kotu duk wata shi kuma yana rabawa, sai ka kammala sannan a soke abun da ya saura. Tun gyaran dokar da aka yi a 2005 ba kowa ke iya zaɓar Babi na 7 ba, sai an auna samunsa da matsakaicin samun jiharsa, kuma dole mutum ya zauna da masu bada shawarar bashi kafin ya shigar, ya sake wani kwas na sarrafa kuɗi kafin a ba shi takardar sallama.

Bambancin yana da muhimmanci a nan saboda wanda ke cikin Babi na 13 ba shi da ikon ya je ya buɗe sabon bashi gaban kansa, sai da izinin amintaccen kotu ko alƙali. Mutum ya ga tayin kati ya cike a ɓoye, zai iya jawo a yi watsi da shari'ar tasa gaba ɗaya bayan ya yi shekara 2 ko 3 yana biya, masu bashi su dawo kansa. In kana cikin tsarin biya, lauyanka za ka fara kira kafin banki.

Tabon karayar yana zama a fayil ɗin tarihin bashin mutum shekara 10 in Babi na 7 ne, shekara 7 in Babi na 13 ne, kuma daga ranar shigarwa ake ƙirgawa, ba daga ranar sallama ba. Kaga wanda ya yi tsarin shekara 5 a Babi na 13, ranar da ya gama saura masa shekara 2 kacal tabon ya goge. Fayil ɗin nan kamfanoni 3 ne ke riƙe da shi, Equifax da Experian da TransUnion, kowanne da nasa kwafin, kuma ba lallai su zo ɗaya ba. Daga abun da ke ciki ne ake fitar da maki, wato lambar da masu bada bashi ke auna amincinka da ita, wanda aka fi amfani da shi na kamfanin FICO ne, daga 300 zuwa 850. Akwai kuma VantageScore da kamfanonin 3 suka haɗu suka fitar a 2006, shi ne yawancin manhajojin kyauta ke nuna maka a waya, shi ya sa za ka ga manhaja ta ce maka kaza, ka je wajen mai bada bashin gida ya faɗa maka wata lamba daban, ba wai ƙarya wani ke yi ba, ma'aunin ne daban.

Nawa karaya ke zaftare wa maki? Ya danganta da inda ta same ka. Misalan da FICO ɗin da kanta ta taɓa fitarwa sun nuna mai 680 zai iya rasa 130 zuwa 150, mai 780 kuwa 220 zuwa 240. Amma a gaskiya mutum nawa ne ke zuwa kotu da 780? Yawancin mutane kafin su kai ga lauya sun yi watanni ba sa biya, katuna sun cika maƙil, an miƙa su ga masu karɓar bashi, makin ya riga ya faɗi ƙasa warwas. Irin waɗannan wani lokaci bayan sallama makin ma ɗagawa yake, don nauyin bashin da ke danne shi ya koma sifili. Sannan tabon ba ƙarfi ɗaya yake da shi tsawon shekara 10 ba, yana dusashewa, a shekarun farko ne yake da zafi, in mutum ya tara sabon tarihi mai kyau a kansa to kafin ya goge ma ya rage tasiri sosai.

Yanzu aikin farko, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa don babu daɗi, ba neman kati ba ne, karanta fayil ɗinka ne layi bayan layi. Ka bari kamar wata 2 zuwa 3 bayan sallama, ka shiga AnnualCreditReport.com, shi ne shafin da doka ta tanada, kyauta ne, da sau ɗaya ne a shekara amma yanzu duk sati za ka iya ɗauka daga kowanne cikin ukun. Ka ajiye takardun shari'arka a gefe, musamman jerin masu binka da lauya ya rubuta, ka riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya. Duk bashin da aka soke dole ya nuna saura sifili, da rubutu cewa ya shiga cikin karaya ko an sauke shi. Abun da za ka iya tararwa shi ne tsohon kati na dala 4,200 a Experian ya nuna sifili lafiya lau, amma a TransUnion yana nan da kuɗinsa cif, har ana ƙara masa alamar makara duk wata bayan ranar da ka shigar da ƙara. Ko kuma bankin ya sayar da bashin ga kamfanin karɓar bashi, su kuma suka buɗe shi a matsayin sabon abu da sabuwar rana, bashi ɗaya ya zama biyu. Irin wannan layin guda ɗaya zai iya cinye duk wahalar da za ka sha ta shekara da sabon kati.

Gyaransa kai da kanka za ka yi, ba ka buƙatar kowa. Ka rubuta ƙorafi ga kamfanin da ya nuna kuskuren, ka haɗa da kwafin takardar sallama da shafin da sunan mai bashin yake, dokar rahoton bashi ta 1970 ta ba su kwana 30 su bincika, in ba su iya tabbatarwa ba su gyara ko su cire. Ni na fi ganin a tura ta gidan waya da rasit ɗin karɓa, a riƙe kwafi, don wata rana ana iya buƙatar hujja. In sun yi kunnen uwar shegu akwai hukumar kare masu mu'amalar kuɗi ta CFPB da ke karɓar ƙorafi. In kuma wani ne ke kiranka a waya yana neman ka biya bashin da kotu ta soke, wannan ya taka umarnin kotu ne kai tsaye, kar ka biya ko dala ɗaya don a bar ka ka huta, faɗa wa lauyanka.

Wani abun lura, tsofaffin asusun da suka lalace su ba shekara 10 za su yi ba, kowanne yana fita bayan shekara 7 daga ranar da aka fara makara a kansa. Sannan ba kowane bashi ne kotu ke sokewa ba. Kuɗin ciyar da yara, kuɗin tsohuwar mata ko miji da kotu ta yanka, tara, harajin kwanan nan, da mafi yawan bashin karatu, duk suna nan daram. Bashin karatun nan da mutane ke tsinewa, in ka ci gaba da biyansa a kan lokaci shi ma tarihi yake rubuta maka duk wata, kuma tsohon asusu ne, yana da shekaru a kansa, abun da sabon kati ba shi da shi.

To sai maganar kati. Don a gane me ake nema da shi sai a dubi yadda FICO ke raba makin. Kashi 35 cikin ɗari tarihin biya ne, kashi 30 yawan abun da ake binka idan aka gwada da iyakar da aka ba ka, kashi 15 daɗewar asusunka, kashi 10 sabbin buɗe-buɗe, kashi 10 kuma nau'o'in bashin da kake da su. Kaga biyun farko sun kwashe kashi 65, kuma kati ɗaya ƙarami ya isa ya taɓa duka biyun. Abun da ake so da katin ba kuɗin da ke cikinsa ba ne, shaida ake nema, wanda zai riƙa zuwa wajen kamfanonin nan 3 duk wata yana cewa wane ya biya. Shaidar kati mai iyakar dala 300 da ta mai dala 30,000 a wajen tarihin biya duk ɗaya ce, an biya a kan lokaci ko ba a biya ba, shikenan. Wanda ya ɗauki sabon katin a matsayin kuɗin kashewa to ya koma gidan jiya, kuma wannan karon babu kotu.

Shi ya sa katin cire kuɗi na asusunka da katin da ake loda wa kuɗi a kanti ba sa yin wannan aikin, ko shekara nawa za ka yi kana goga su, don kuɗinka ne kake kashewa, babu wanda ya ranta maka balle ya bada labari.

Wanda ya fi dacewa da mai fitowa daga karaya shi ne kati mai jingina. Kai za ka ajiye masu kuɗi, yawanci daga dala 200, su ba ka kati mai iyaka daidai da abun da ka ajiye. Kuɗin jinginar ba shi kake kashewa ba, yana can a kulle, kai kuma kana saye da katin kana biya duk wata kamar kowane kati, in ka gudu su riƙe jinginar. Tunda bankin ba shi da asara sosai sai ya fi sauƙin yarda. Manyan masu bada kati irin su Capital One suna da irinsa, haka bankunan haɗin gwiwa na mambobi da ake kira kiredit yuniyon, su waɗannan sau da yawa sun fi sassauci a kuɗin ruwa da caji. Akwai ma masu bada shi ba tare da duba fayil ba kwata-kwata, sai dai yawanci suna da cajin shekara. Tambayoyin da za ka yi kafin ka ba kowa kuɗinka ba su da yawa. Suna kai rahoto ga duka ukun ko ɗaya kawai? Akwai cajin shekara ko na wata? Bayan wata nawa suke duba mutum su mayar masa da jinginarsa su mayar da katin na yau da kullum ba tare da rufe asusun ba? Ta ƙarshen nan tana da amfani don in sai ka rufe katin za ka karɓi kuɗinka, to ka rasa asusun da ka fara gina sabon tarihi da shi.

Kuma kar ka zaci don da jingina ba a hana mutum. Ana hanawa. Wasu ba sa kula ka sai sun ga takardar sallama ta fito, wasu sai an ɗan jima bayanta. Bankin da bashinsa ya shiga cikin waɗanda aka soke kuwa, shi yana da nasa littafin a cikin gida, ba ruwansa da shekara 7 ko 10, wani zai yafe da wuri wani kuma zai daɗe bai manta ba, don haka fara da wanda bai yi asara a kanka ba. Yawancin masu kati suna da shafin gwaji inda za ka saka bayananka su faɗa maka ko akwai alamar za su yarda, wannan dubawar ba ta taɓa maki. Cike takardar neman ta gaske ita ce ke barin alama, tana zama shekara 2 a fayil, FICO na lissafa ta shekara 1. Guda ɗaya ba komai ba ce, amma mutum ya ji haushin an hana shi ya bi bankuna 6 a sati ɗaya, ya tara alamomi 6 a kan tabon karaya, duk mai dubawa zai ga mutum ne a matse.

Mu koma kan wasiƙun nan, buɗe ɗaya ka juya bayanta inda aka yi rubutu ƙanana cikin akwati. Gaba an rubuta babu jingina, iyaka dala 300. A baya za ka ga cajin shekara dala 75. Me ya sa 75 cif? Saboda dokar katin bashi ta 2009 ta hana cajin shekarar farko ya wuce kashi 25 cikin ɗari na iyakar, kuma kashi 25 na 300 shi ne 75, sun tsaya daidai bakin layi. Cajin a kan katin suke ɗora shi, wato ranar da ya iso hannunka dala 225 ce kawai a ciki, ana binka 75 ba ka sayi ko allura ba. Wasu kuma suna da wani kuɗin da ake biya kafin a buɗe asusun, shi wannan bai shiga lissafin kashi 25 ɗin ba. Shekara ta biyu kariyar dokar ta ƙare, sai a shigo da cajin wata-wata. Gwada wannan da kati mai jingina marar caji, inda dala 200 ɗinka tana nan za ta dawo. Ɗaya ajiya ce ɗaya kuma kyauta ce ka ba su, amma saboda kalmar babu jingina tana da daɗin ji, mutane na tururuwa wajen na biyun. Ban ce irin wannan katin ba ya kai rahoto ba, yana kaiwa, tsadarsa ce ba ta da dalili in akwai wata hanya.

Katin ya zo, ya za a yi da shi? A nan ne ake tafka kuskuren da ba a gani. Kowane kati yana da rana biyu, ranar rufe lissafin wata da ranar ƙarshen biya, tsakaninsu doka ta ce aƙalla kwana 21. Kowa ranar biya ya sani. Amma abun da yawancin bankuna ke tura wa Equifax da sauran shi ne adadin da ke kan katin ranar rufe lissafi. Ka ɗauka iyakarka dala 300 ce, ka sha mai ka yi cefane har dala 240, lissafi ya rufe ran 5 ga wata, ka biya duka ran 20 ko sisi ba ka bari ba. Kai a ganinka ka yi abun a yaba, kuma ta fuskar tarihin biya ka yi ɗin, amma abun da ya tafi fayil shi ne mutumin nan ya cinye kashi 80 na iyakarsa, wancan kashi 30 na makin ya sha duka. Da ka biya 220 ran 3 ga wata ka bar 20 ta fito a lissafin, abun da za a gani bai kai kashi 7 ba. Ana yawan cewa kar a wuce kashi 30, to wannan rufi ne ba manufa ba, ƙasa da kashi 10 ya fi. Abun daɗin shi ne a yawancin ma'aunan da ake amfani da su wannan ɓangaren ba shi da riƙo, wata ɗaya ka yi sama, wata na gaba ka sauko, makin ya biyo ka.

Hanya mafi sauƙi da na sani ita ce a ɗora wa katin abu ɗaya ƙarami da ake biya duk wata, kuɗin waya ko wani rajista na dala 15, a saita banki ya riƙa cire cikakken kuɗin kai tsaye daga asusu, a jefa katin a durowa. Babu burgewa a ciki ko kaɗan, kuma shi ne aikin.

Akwai wata tatsuniya da ta ƙi mutuwa, wai sai ka bar ɗan saura kana biyan kuɗin ruwa sannan maki zai hau. Ƙarya ce. Fayil ɗin ba ya nuna ko ka biya ruwa ko ba ka biya ba. Barin adadi ya fito a lissafin wata daban, ƙin biyansa duka daban. Katunan masu gyaran suna ruwansu kan kai kusan kashi 30 a shekara, in ka bar dala 250 a kan kashi 29 kusan dala 6 ce duk wata kake zubarwa a banza, kuma da zarar ka bar saura, rangwamen babu ruwa da ake yi wa mai biya duka kafin ranar ƙarshe ya faɗi, sabon sayayya ma daga ranar da ka yi shi yake fara tara ruwa. Cire tsabar kuɗi da katin a na'ura kuwa shi ba shi da rangwame tun asali, ga caji a kai. Ga wanda ke gudun riba saboda addini wannan wajen ya shafe shi kai tsaye, in kana biya duka kafin ranar ƙarshe ba za ka taɓa biyan ruwa ba, sai dai malamai sun saɓa a kan sa hannu a yarjejeniyar da sharaɗin ruwa ke cikinta tun farko, wasu sun sassauta saboda buƙata wasu sun hana, wannan kowa ya tambayi malamin da ya yarda da iliminsa.

Makara ita ce babbar musiba. Kwana 1 ko 2 banki zai ci tararka amma ba a kai rahoto sai ta cika kwana 30, in ta cika kuwa shekara 7 za ta yi a fayil. Makara kafin karaya mai dubawa zai ce ai ita ce ta kai shi kotu. Makara bayan karaya kuwa labari daban take bayarwa, cewa an yafe masa komai kuma bai canza ba, masu bada bashin gida musamman suna duba wannan da ido sosai.

Bayan kati akwai wasu ƙananan hanyoyi. Akwai bashin gina suna, inda kiredit yuniyon za ta ce ta ba ka dala 500 ko 1,000 amma ta kulle kuɗin a asusu, kana biya kaɗan-kaɗan shekara 1 ko 2, ka gama su sake maka, yana ƙara maka nau'in bashi na biyu amma akwai ruwa ko caji a ciki. Akwai kuma ɗan uwa ya saka sunanka a tsohon katinsa mai tsafta, tarihin katin ya bayyana a fayil ɗinka, ba sai ma ya ba ka katin a hannu ba, sai dai in ya makara ko ya cika katin kai ma zai shafe ka. Wannan daban yake da wani ya tsaya maka ya sa hannu a bashi, inda in ka kasa shi za a kama, ni dai ba zan ba wanda ya fito daga kotu jiya shawarar ya jefa zumunci cikin wannan ba. Maganar mota ma tana da sarƙaƙiya. In ka riƙe motar kana biya ba tare da ka sa hannu a takardar sabunta alƙawari lokacin shari'a ba, sau da yawa biyan ba ya fitowa a fayil. In ka sa hannu yana fitowa, amma ka dawo da bashin wuyanka, ranar da ka kasa za su ɗauke motar su kuma bi ka cikon kuɗi. Kar ka sabunta bashin motar da ya fi ƙarfinka don kawai neman maki.

Su kuma masu cewa kawo dala kaza mu goge maka karaya daga fayil, babu mai iya goge abun da yake gaskiya kafin lokacinsa. Abun da suke yi na halal bai wuce rubuta ƙorafin nan da kai ma za ka iya ba. Dokar tarayya ta 1996 ta hana su karɓar kuɗi kafin su yi aikin, ta kuma ba ka kwana 3 ka fasa. Mafi haɗari su ne masu sayar da wata lamba mai alƙaluma 9 wai ka riƙa sakawa a madadin lambarka ta Social Security, wato lambar shaidar da gwamnati ta ba ka, ka fara sabon fayil, sau da yawa lambar wani yaro ce ko wani mamaci aka sato, kuma saka ta a takardar neman bashi zamba ce da ke kai mutum gidan yari, ga wanda takardun zamansa ba su gama nuna ba kuma abun ya wuce nan.

Tsawon wane lokaci za a ɗauka? FICO tana buƙatar asusun da ya kai wata 6 kafin ma ta iya lissafi, in tsofaffin duk sun mutu to watannin farko ba za ka ga wani motsi sosai ba. Bayan shekara guda na biya mai tsafta mutum zai iya gwada neman kati na biyu marar jingina, biyu ko uku sun isa, babu buƙatar jaka guda. Ga mai burin gida akwai wa'adi a rubuce. Bashin da hukumar gidaje ta tarayya FHA ke tsaya wa yana buƙatar shekara 2 bayan sallamar Babi na 7, na tsofaffin sojoji na VA shi ma shekara 2, na karkara na USDA shekara 3, na gama-gari da ke bin ƙa'idar Fannie Mae, kamfanin da ke sayen bashin gidaje daga bankuna, shekara 4. Mai Babi na 13 zai iya neman na FHA tun yana cikin tsarin, in ya yi shekara 1 yana biya a kan lokaci kuma kotu ta yarda. Cikar wa'adin ba ya nufin an ba ka, ƙofar dubawa kawai ta buɗe, kuma abun da za su duba shi ne abun da ka yi tsakanin ranar sallama da ranar da ka zo.

In shekara 10 ko 7 ɗin ta cika tabon da kansa yake fita, ba a biyan kowa, amma ka sake ɗauko fayil ɗin guda 3 a watan ka tabbatar, in ɗaya ya manta ka tura masa ƙorafi da ranar shigar da ƙarar. Takardar sallamar kuwa da jerin masu bashin kar ka yar da su ko bayan nan, don tsofaffin basussuka ana sayar da su hannu zuwa hannu, wani kamfani zai iya ɓullowa bayan shekaru da bashin da aka riga aka soke, kuma wasu takardun neman aiki ko lasisi ko babban bashi ba sa tambayar shekara 10 da suka wuce, tambayarsu ita ce ko ka taɓa yi, a nan amsar eh ce ko da fayil ɗin ya fita fes.